Kaza Ta Kwana Kan Dami: Ina Tambayoyin Bincikenmu?

Yau ina neman izininku in ɗan janye ku daga labaran soyayya da na zaman kishi da muka saba da su, mu leƙa wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin tambayoyin da 'ya'yanmu masu karatun kimiyyar fiziya da aikin injiniya suke zaɓa idan lokacin rubuta kundin bincike ya zo. Kada mai karatu ya ce wannan ai maganar 'yan boko ce, ba ruwansa. Da ruwanka, domin kuɗin geronka da na wakenka ne ake biya wa yaron nan makaranta, kuma kai ne tumatirinka ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa, kai ne ake haƙa wa rijiyar burtsatse a tashi babu ruwa.

Mu mutanen Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, Allah ya yi mana gata, don kuwa jami'ar kimiyya da fasaha tana nan maƙwabtanmu a Wudil tun shekarar 2001, wadda a 2022 aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Dangote. Ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Dutse nan gabas da mu. Yaranmu suna shiga, suna fita. To amma idan ka zauna da su za ka tarar sun rabu gida biyu. Wasu na cewa fiziyar nazari, wato ta alli da allo da lissafi, ɓata lokaci ce a ƙasar da ba ta da wutar lantarki, gara mutum ya yi injiniya ya sami na tuwo. Wasu kuma suna ganin binciken da ya shafi randa ko rijiya ko ɗakin soro ƙauyanci ne, bincike na gaske sai wanda aka kwaikwayo daga Amurka ko Jamus. A nawa ganin duk ɓangarorin biyu sun kuskure hanya, kuma asararsu iri ɗaya ce. Tambayar bincike mai kyau tana nan kwance a tsakar gidajenmu, sai dai amsarta ba ta samuwa sai an hau har ƙololuwar nazari an sauko.

Bari in ɗan fayyace waɗannan rassa uku ga wanda bai shiga ajin kimiyya ba. Mai fiziyar nazari tambayarsa ita ce, me ya sa abu yake haka, kuma wace doka ce ke tafiyar da shi? Mai fiziyar aiki yakan ɗauki dokar nan ya je ya gwada ya auna, ya ce nawa ne, a wane yanayi, da wane irin abu? Shi kuwa injiniya tambayarsa ita ce, yaya za a ƙera shi, nawa zai ci, shekara nawa zai yi, wa zai gyara in ya lalace? Kamar duwatsun murhu suke. Duk uwargida ta san abin da zai faru da tukunya idan aka janye dutse ɗaya.

Tarihin ƙasarmu ma ya ishe mu darasi. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da ake danganta su da farkon zaman Kano, daga Gaya suka tashi suka je gindin Dala neman tama, kuma masu tonon kayan tarihi sun sami alamar narka ƙarfe a Dala da ta kai wajen ƙarni na bakwai. Wato kakanninmu injiniyoyi ne tun kafin a san kalmar. Sun san dutsen da ke da ƙarfe, sun san gawayin da ya fi zafi, sun san yadda ake zuga zugazugi har tama ta saki. Amma wannan sani ya tsaya a hannu da ido, uba ya koya wa ɗa, babu wanda ya zauna ya rubuta dalilin da ya sa wani ƙarfen ke yin tauri wani ya yi taushi. A can Ingila kuwa, inda aka haɗa aikin maƙeri da binciken dalili, Henry Bessemer ya fito da hanyar yin ƙarfe mai yawa da araha a 1856. Da ƙarfen Turawa ya cika kasuwanninmu, sai narka tama ta mutu murus, maƙeranmu suka koma neman ɓaraguzan mota. Hannu bai gaza ba, tambayar "me ya sa" ce ba a raya ba.

Yanzu mu dubi randa. Kowane ɗan ƙauye ya san ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Dalilin shi ne yumɓu yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya zama tururi, shi kuwa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Zafin ba kaɗan ba ne. Abin da lita ɗaya ke kwashewa kafin ta ƙafe ya kai kimanin kilojul 2,400, wato ya ninka fiye da sau biyar zafin da ake buƙata a ɗauki wannan lita daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan doka a shekarun 1990 ya saka tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwajin da aka ruwaito, gautan da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex da dala 75,000, kuma dabararsa ta kai har Sudan. Wannan fa ba a Landan aka yi ba, a nan bayan gidanmu ne.

To shin magana ta ƙare ke nan? Ko kusa. Ita dokar nazarin da ta ba randa sanyi ita ce kuma ta yanka mata iyaka: gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin da za a samu. Shi ya sa dabarar ke aiki sosai da bazara da hunturu, amma a watan Agusta, da iska ta cika da laima, sai ta yi rauni. Ga tambayoyi nan jibge. Wane yumɓu ne a ƙasar Gaya ya fi dacewa, kuma da wane irin gashi? Kaurin yashi nawa ne ya fi? Lita nawa ake zubawa a yini, kuma ribar ta kai wahalar ɗebo ruwan? Yaya za a mayar da tukunyar nan ta zama ɗaki guda da zai ɗauki kwando talatin na tumatir? Tambaya ta farko ta mai aunawa ce, ta ƙarshe ta injiniya ce, amma dukkansu ba za su motsa ba sai da lissafin yadda zafi da ruwa ke ratsa abu mai ƙofofi, wanda aikin mai nazari ne.

Misali na biyu, farantin sola, wanda yanzu ya hau rufin masallatai da shaguna da asibitocin karkara, har an buɗe tashar megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023. Masu cewa nazari ba shi da amfani, ina ma su san asalin farantin nan. A 1905 Albert Einstein, yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Suwizalan, ya rubuta cewa haske yana zuwa ne dunƙule-dunƙule, kuma kowane dunƙule zai iya fizgo ƙwayar lantarki daga jikin abu. A lokacin babu wanda ya hango cajin waya a ciki. Sai da aka yi kusan shekara hamsin, aka gina ilmin ƙananan ƙwayoyin halitta a kan wannan tunani, sannan a 1954 masana a ɗakin binciken Bell na Amurka suka ƙera farantin silikon da ke mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken rana lantarki. Duk mai saida ruwan sanyi da firijin sola a yau yana cin gajiyar allin wancan mutumin ne.

Amma farantin da aka ƙera a Sin ba a auna shi da ranar Kademi ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma farantin silikon yakan yi asarar kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Da tsakar ranar Afrilu jikin faranti yana iya kai digiri 60, ka ga kusan kashi 14 ya tafi tun ba a zo maganar ƙura ba. Ita kuwa ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana kwanciya a kan gilashin ta tare haske. Kashi nawa take cinyewa a mako ɗaya a nan gabashin Kano? Sau nawa ya kamata a goge, kuma da me, a garin da ake sayen ruwa a kura? Yaro mai faranti biyu, ɗaya ana gogewa ɗaya ba a gogewa, da ma'auni da littafin rubutu, in ya jure hunturu biyu yana aunawa kullum, zai fito da sanin da kamfanin da ya ƙera farantin ma ba shi da shi.

Kuma a cikin ƙurar nan akwai tambayar da ta gagari manyan masu nazari. Kowa ya san yadda da hunturu mayafi ke yin tartsatsi a cikin duhu, ko ƙofar mota ta ja mutum. Tun zamanin Girkawa na dā aka lura cewa goga abu da abu yana haifar da wannan, amma cikakken bayanin yadda cajin ke ƙaura, musamman tsakanin ƙwayoyin yashi biyu masu asali ɗaya, masana ba su gama daidaitawa a kansa ba. Ƙura mai caji ta fi manne wa gilashi, kuma da cajin ne ake iya korar ta, kamar yadda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna a 2022 da wata hanyar share faranti da lantarki ba tare da ɗigon ruwa ba. Mutanen can sai sun sayi yashi sun busar da iskar ɗakin gwaji kafin su kwaikwayi abin da mu Allah yake aiko mana kyauta wata uku a kowace shekara. Wa ya fi mu cancantar yin wannan bincike?

Misali na uku, ruwan ƙasa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma duk wanda ya taɓa haɗa kuɗin gayya aka haƙa burtsatse ta ƙi ba da ruwa ya san karin maganar nan tana da sharaɗi. Gabashin Kano yana kusa da inda tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ke nutsewa, rairayi da laka na kwarin Tafkin Chadi su hau kansa, shi ya sa gari biyu maƙwabta sai ɗaya ya sami ruwa kusa, ɗaya ya sha wuya. Masu auna ƙasa kafin haƙa, waɗanda ake gani suna kafa ƙarafa suna jan waya, lantarki suke turawa cikin ƙasa su ga irin turjiyar da zai gamu da ita, don jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshen dutse barin lantarki ya wuce. Dokar da suke aiki da ita Georg Ohm ne ya wallafa ta a Jamus a 1827, ita kuwa dokar tafiyar ruwa cikin yashi Henry Darcy ya fitar da ita a Faransa a 1856. Tambayar da ta rage mana ita ce: yanzu da famfon sola ke zuƙar ruwa daga safe har yamma ba tare da kuɗin mai ba, nawa damina ke mayarwa ƙasa, nawa muke cirewa? In babu mai auna zurfin ruwan rijiyoyinmu wata-wata yana ajiye lissafi, ranar da za mu san amsa ita ce ranar da guga ya dawo da laka.

Na huɗu, ɗakin kwana. Kakanninmu sun yi soro da katanga mai kauri da rufin azara, mu muka rushe muka kafa bulo da kwano, yanzu da bazara jarirai da tsofaffi ba sa iya barci a ciki. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta zafin rana ne, ba ya isa ciki sai dare ya yi, kuma lissafin wannan jinkiri yana cikin aikin Joseph Fourier na 1822. A 2014 wasu masana a jami'ar Stanford suka nuna wani shafi da ke yin sanyi da kusan digiri 5 ƙasa da iskar da ke kewaye da shi alhali yana tsakiyar rana, saboda yana mayar da hasken rana, yana kuma harba zafinsa sama ta wata kafa da iskar duniya ba ta tarewa. To wannan kafa, hazo da laima suna rage ta. Shin irin wannan fenti zai yi aiki a kan kwanon Ajingi a watan Maris? Da farar ƙasarmu za a iya yin mai kama da shi? Ba za a amsa mana wannan daga Kalifoniya ba.

Na san za a ce, ƙasa matalauciya ina ta ga kuɗin nazari? Ai a cikin rassan nan uku nazari ne ya fi araha, don alli da allo da littattafai da natsuwa yake buƙata. Ku dubi Abdus Salam, ɗan garin Jhang a Pakistan, wanda ya sami kyautar Nobel ta fiziya a 1979. Kaɗaici da rashin abokan tattaunawa ne suka sa ya bar ƙasarsa a 1954 ya koma Ingila, kuma zafin abin ne ya sa ya kafa cibiyar fiziyar nazari a Trieste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe irin namu su riƙa zuwa suna komawa gida. Ko kayan aiki ma ba a ce babu sam ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ke iya fayyace sinadaran da ke cikin ɗan yumɓu ko ƙura ko ƙasar gona. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana da cibiyar da ta daɗe tana aiki kan murhu da na'urar busar da amfanin gona masu aiki da rana. Akwai kuma asusun TETFund da ke ba da kuɗin bincike. Abin da ya fi ƙaranci shi ne mai zuwa da tambaya tasa ta kansa.

Kada kuma a fahimce ni da cewa dole kowane bincike ya ƙare a randa. Idan Allah ya ba wata yarinya a Kademi basirar nazarin taurari ko asalin ƙwayoyin halitta, a bar ta ta bi, a taimaka mata, don babu wanda ya san wane alli ne zai zama faranti nan da shekara hamsin, kuma ita ce za ta koyar da injiniyoyin gobe lissafin da za su tsaya a kansa. Abin da nake ƙi shi ne bincike na kwafe, inda ɗalibi zai ɗauko kundin wani ya canja sunan gari da shekara, ya ɗaure da baƙin bango, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Irin wannan bai amfani nazari ba, bai amfani manomi ba, kuɗin iyaye kawai ya ci.

Shawarata ga malamai masu duba kundi, kafin ku amince da take, ku tambayi ɗalibi abu uku: wa ke jiran amsar nan, wace doka za ka dogara da ita, me za ka auna da hannunka? Ku kuma riƙa ɗora ɗalibin bana a kan inda na bara ya tsaya, don tambaya irin ta ruwan ƙasa ba ta amsuwa a zango ɗaya. Ga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ku zauna da manoma da magina da maƙera da masu haƙar rijiya ku rubuta matsalolinsu, ku kai wa sassan fiziya da injiniya na jami'o'in da ke kusa da mu, ku ɗauki nauyin ma'auni da kuɗin mota, wanda bai kai abin da ake kashewa a walimar siyasa guda ba. Ga ɗalibai kuma, idan kun gama ku rubuta taƙaitaccen sakamakon da Hausa a shafi biyu, ku karanta wa mutanen da kuka yi aiki a gonarsu, domin maginar tukwane tana da gyaran da za ta yi muku wanda babu shi a littafi.

Sai ku 'yan'uwana marubuta. A littattafanmu jarumi kullum likita ne ko barista ko hamshaƙin ɗan kasuwa ko soja, jaruma kuwa tana jiran ya zo da mota. Yaran da ke karanta mu daga nan suke ɗaukar burinsu. Me zai hana a rubuta mana labarin budurwar da ke hawa rufin asibitin ƙauyensu kowace safiya tana auna ƙura, dangi na cewa ta haukace, ko saurayin da gari ya haɗa kuɗi bisa maganarsa cewa akwai ruwa a nan, ga injin haƙa ya kai ƙafa ɗari babu ko danshi? Wallahi akwai bugun zuciya a nan da ya kai na kowace kishiya.

Rashin sani, in ji masu iya magana, shi ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Rana da ƙura da yumɓu da rairayi duk Allah ya tara mana su a ƙofar gida, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya ba malamansu haƙurin jagorantar su, ya ba mu ikon tallafa musu. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Wassalamu alaikum.